Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Ƙannena samari da 'yan matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da kuka rungumi kiwon kifi a 'yan shekarun nan, da ku nake. Ina ganin aikinku. Wani ya gina tankin siminti a bayan gidan mahaifinsa a Hausawa, wani ya kafa na tamfol a kango a Darmanawa, wata kuma ta jera manyan robobi a tsakar gida a Unguwa Uku, tana dawowa daga makaranta ta watsa wa tarwaɗa abinci kafin a kira magariba. Wallahi abin yana faranta mini rai. In mun zauna hira kukan tambaye ni abincin da ya fi gina kifi, da inda za a samo 'ya'ya masu kyau, da kwana nawa za a yi a sauya ruwa, da yadda farashi ya kwana a kasuwar kifi ta Galadima. Duk tambayoyi ne na masu hankali. Sai dai har yau ba wanda ya taɓa cewa da ni, "Yaya, wace irin koma zan saya?"

Ga shi kuwa duk wahalar da kuka sha, ta bakin komar za ta fito. Wata biyar ko shida kana zuba kuɗi a ruwa, abinci kaɗai ya cinye fiye da rabin jarinka, kana tashi da dare ka tayar da famfo don an kawo wuta, sannan ranar kwasa ka ɗauko wata raga da aka ɗaura wa waya mai tsatsa, wadda ka aro a maƙwabta. Kifin da ya tashi lafiya lau ya isa hannun mai saye da ƙujewa a baya, da karyayyar ƙaya, wasu ma ba su kai azahar ba sun juya ciki sama. Mai saye ya rage kuɗi, kai kuma ka koma kana zargin abinci ko ruwan rijiyar burtsatse.

Ni a madatsar ruwa ta Tiga na koyi wannan karatu, kuma da tsada na koye shi. Tiga, ga wanda bai taɓa zuwa ba, ita ce babbar madatsar da aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma faɗin ruwanta ya isa mutum ya tsaya a gaɓa bai hango ɗaya gaɓar da kyau ba. Lokacin ina saurayi nakan bi titin Zariya da asuba in je can fatsa. Wata rana giwan ruwa ya kama mini. Tun da nake ban taɓa jin nauyi irin wannan a hannuna ba. Na yi ta fama da shi, ya ja in saki, ya lafa in naɗe, har ya gaji ya taso ya kwanta a gefen kwalekwale, jikinsa yana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Na rarumo komata, wata 'yar araha da na saya don karfasa, na kai masa ta baya, wajen wutsiya. Yana jin taɓi ya zabura. Na sake kai masa, wannan karon rabinsa ya shiga, na ɗaga ƙotar da ƙarfin tsiya. Nan take wuyan komar ya lanƙwashe, kifin ya zame, kaifin marfin da ke gefen kansa ya daki zaren ya tsinke, ya nutse da ƙugiyata a bakinsa.

Dattijon da ke tuƙa ni, masunci ne tun kaka da kakanni, bai ce komai ba sai da muka kusa gaɓa. Na ce, "Baba, yau na yi rashin sa'a." Ya ce, "A'a ɗana, rabonka ya zo har hannunka. Kifi ba ya tafiya da baya, ta ina za ka tare shi ta wutsiya? Kuma koma ba cokali ba ce da za ka ɗebo shi kamar miya." Ya karɓi komar ya juya ta, ya nuna mini inda ta karye. Abin da ya fi damunsa, na lura, shi ne kifin da ya tafi da ƙarfe a baki, wanda ba a ci ba, ba a kuma bar shi lafiya ba. Har yau in na tuna da wannan nakan ji nauyi a raina.

Mu Hausawa ba baƙin koma ba ne. Muna da taru na ja, da birgi na jifa, da kalli da ake shimfiɗawa ya kwana, da mamari mai ƙugiyoyi, kowanne da aikinsa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, dubban mutane ke afkawa ruwan Matan Fada ba su da komai sai homa da gora. Da waɗannan aka fito da giwan ruwa mai kilo 75 a 2005, aka fito da mai kilo 78 a 2020, har hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ku lura da yadda gwanayen Kabi ke yi in kun sami hoton bidiyo. Ba za ku ga gwani yana ƙoƙarin cilla ƙaton kifi sama da ƙarfin sanda ba. Rufe shi yake yi, ya naɗe shi a raga tun yana cikin ruwa, ya bar ruwa ya ɗauke masa nauyi har gaɓa, sannan 'yan'uwa su kama masa.

Haka abin yake a ƙasashen sanyi inda ake farautar wani kifi da ake kira samon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya tafi teku ya girma, ya komo kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai. Ƙarfinsa ya shahara. A 1922 wata mata mai suna Georgina Ballantine ta kamo mai kilo 29 da fatsa a kogin Tay na Sikotlan, kuma har yanzu ba wanda ya zarce ta a Birtaniya. A Alaska ta Amurka an kamo wani jinsinsa mai kilo 44 a kogin Kenai a 1985. Masu wannan sana'a suna ɗaukar komar fito da kifi da muhimmanci ƙwarai, har a Ingila doka ta hana mai fatsa amfani da koma mai ƙulle-ƙulle a ragarta ko mai ragar ƙarfe, ta kuma hana ƙugiyar nan ta sanda da ake cakawa kifi a jawo shi. Dalilinsu shi ne galibin kifin da suka kama mayar da shi ruwa suke yi, suna so ya rayu. Ku ma kuna da wannan buƙata, koda yake ta wata fuskar: kuna tace kifi ku mayar da ƙanana, kuna ajiye iyaye, kuma mai saye a Kano tarwaɗa mai rai yake nema.

To, in za ka sayi koma ko ka ba da a yi maka, fara da tunanin kifi mafi girma da zai shige ta. Yawancinku kuna awo da matsakaicin kifinku, alhali mai karya koma shi ne ƙaton nan guda ɗaya da ya cinye 'yan'uwansa ya fi kowa. Ga tarwaɗa mai kilo ɗaya zuwa biyu, ni ina amfani da baki mai faɗin kamu guda, wato wajen santimita 45 zuwa 50, zurfin jakar kuma ya ɗan fi haka. In na iyaye ne, ko za ka bi ni Tiga ko madatsar Challawa ta Ƙaraye, baki ya kai santimita 80, zurfi ya kusa mita guda. Zurfin nan kada ka yi rowarsa. Jaka mai zurfi tana lanƙwasa kifi, ya rasa inda zai dogara ya yi tsalle, kuma in ka karkata bakin sai raga ta rufe kansa kamar an tsuke bakin buhu. Mara zurfi kuwa faranti ce, kifin yana kai yana kallon hanyar komawa. Mai tankin siminti ya sa a yi masa gaban bakin a miƙe, ba zagaye ba, don tarwaɗa gwanar maƙalewa ce a kusurwa, kuma zagayayyen baki ba ya shiga lungu.

Daga nan sai ka duba wuya, wato mahaɗar baki da ƙota. A nan koma take mutuwa, kusan kullum. In ka je wurin mai walda, ce masa, "Malam, rodi mai kauri nake so, kuma ƙarshensa biyu su shige cikin bututun ƙotar kamar taƙi guda kafin a like." Ɗigon walda biyu a leɓen bututu ba ya ɗaukar kifi. In zai ƙara maka 'yan ƙarafa biyu a gefe su tokare bakin, biya shi, araha ba ta ado. Ka shafa hannunka a duk inda aka yi walda, in ka ji tsini a goge shi, don abin da ya karce tafinka zai yaga fatar kifi, zai kuma huda tamfol. Kafin a ɗinka raga a shafa wa ƙarfen fenti ya bushe sarai, ko a zura shi cikin tsohon tiyo, saboda tsatsa tana cin zare a daidai inda ya naɗe ƙarfe, kuma ba za ka gani ba sai ranar da jaka ta ɓalle da kaya a ciki. Masu alminiyam da ake shigowa da su ba su da nauyi, ba sa tsatsa, amma waɗanda ake zugewa su tsawaita ku gwada maƙullinsu sosai tun a shago. Ƙota kuma kada ta wuce buƙata. Tankin da faɗinsa bai fi mita uku ba, ƙota mai tsawon ƙirjinka ta ishe ka.

Maganar da na fi so ta zauna muku ita ce ta raga. Tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki. Yauƙin nan da kuke ƙyama, wanda ke sa ta suɓuce daga hannu, shi ne rigarta, shi ke tare mata ƙwayoyin cuta. Raga mai kaushi, mai ƙulli a kowane ido, kankare wannan yauƙi take yi. Ranar ba za ka ga komai ba. Bayan kwana uku ko huɗu sai ka ga farin tabo a baya, sai gyambo, sai ka fara tsinto matattu da safe, ka ruga sayen magani. Nemi raga mai laushi mara ƙulli, in ka sami mai rufin roba ma ya fi. Idon kuma ya dace da kifin. Masunta da yatsa suke awon ido, su ce yatsa ɗaya, yatsa biyu, kuma awon yana da amfani a nan. Tarwaɗa tana da ƙaya biyu masu ƙarfi a gefen ƙirjinta, in ta tsorata sai ta miƙe su ta ƙame. Ido mai faɗi yana barin ƙayar ta shige ta sarƙe, kai kuma cikin gaggawa ka fizge, ƙaya ta karye ko naman gindinta ya yage. Ƙurungu ya fi ta ma, shi har da ta baya. Ido ƙanƙane sosai kuwa yana riƙe ruwa, koma ta yi nauyi, kafin ka juya ta kifi ya wuce. Ga manya, abin da bai kai yatsa ɗaya ba ya fi mini. In ƙaya ta sarƙe duk da haka, mayar da komar cikin ruwa ka sassauta, sau da yawa kifin da kansa zai kwantar da ita ya fita. In ta ƙi, yanke ido ɗaya na raga, ɗinki ba ya kai kuɗin kifi.

Bari in tsaya kan gidan sauro, don na ga ana yi a unguwar nan. Wasu suna yanka wanda aka raba a asibiti su ɗinka komar 'ya'yan kifi da shi. Ku daina. Maganin da aka jiƙa shi da shi don kashe sauro dafi ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya hallaka ƙananan da ka sayo jiya. Kuma wancan gidan sauro haƙƙin wani yaro ne da zai kwana a buɗe.

Karin maganar da na sa a kan wannan rubutu, mun saba jefa ta ga mai ƙulla makirci yana zaton ba a gane shi ba. Amma masunci ya san gaskiya ce tsagwaronta tun kafin ta zama habaici. Kifi yana ganin inuwarka, yana jin motsin ƙafarka ta jikin tanki, yana jin ruwan da koma ta turo kafin ta iso shi. Wanda ya tsaya a kai yana sara da koma daga sama kamar mai faskare, kifin gaba ɗaya zai rikice, su yi ta karo da bango suna sukar juna da ƙaya. Jiƙa komar tukuna. Nutsa ta a hankali ta kwanta a ƙasa, ka ɗan dakata. Sannan kai ko abokin aikinka ku koro kifin zuwa gare ta, kansa ya fara shiga. In a kogi ne da fatsa, haka dai: komar tana cikin ruwa tana jira, kai kuma ka jawo kifin da ya riga ya gaji, kansa a gaba, har ya haye bakin. In ya zabura, janye komar ka ƙyale shi ya sake zagayowa. Kada ka bi shi da ita, kada kuma ka bari ragar ta taɓa ƙugiyar da ke bakinsa alhali jikinsa na waje, don nan ne zai sami abin dogara ya fizge.

Ɗagawa ita ce ta karya tawa a Tiga, don haka bari in yi muku lissafin. A ce kifi mai kilo 10 yana cikin koma, tsakaninsa da hannunka na gaba mita ɗaya da rabi, tsakanin hannayenka biyu kuma rabin mita. In ka ɗaga ƙotar a kwance, hannun baya sai ya danna da ƙarfin kilo 30, na gaba ya ɗauki kilo 40. Ba a sa nauyin ruwa ba, ba a sa bugun kifin ba. Wuyan koma da ƙugunka su ke biyan wannan bashi. Da zarar kifi ya shiga, ɗago bakin ya fito daga ruwa kaɗan, jawo ƙotar zuwa jikinka hannu bayan hannu, tsayar da ita ta kalli sama, jaka ta rufe, sannan ka kama bakin ƙarfen da hannu ka ɗauke. A tanki kuma kada kwaɗayin gamawa da wuri ya sa ka cika ta. Na ƙasa su ke shan nauyin na sama da ƙayarsu. Uku ko huɗu a kowane ɗiba, ka sauke su cikin baho mai ruwa, kada ka zazzage su a busasshen siminti.

Akwai shiri kafin ranar kwasa. Hana kifin abinci yini guda, don kifi mai cikakken ciki ba ya jure damuwa, yana amayarwa ya ɓata ruwa. Rage ruwan tanki ya dawo ƙasa da gwiwa. Yi aikin bayan sallar asuba, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Kano ke kai maƙura. Kashe famfo ka zare wayarsa daga soket kafin ka tsoma ƙotar ƙarfe a ruwa. Wannan ba abin sakaci ba ne, rai ake magana. Uwar kifi mai ƙwai kuwa, da ta fito ka lulluɓe kanta da jiƙaƙƙen tawul, za ka ga ta natsu. Addininmu ya hore mu da kyautata wa dabba ko a wajen yanka, ina ga wadda ka raina da hannunka wata da watanni.

In ƙaya ta soke ka, kuma wata rana za ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, tsoma shi a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, zogin zai ragu. In ya kumbura, ko guntun ƙayar ya karye a ciki, ko ka daɗe ba ka yi allurar rigakafin sandarewar jiki ba, tafi asibiti a ranar. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a bakin titin Zariya, ga ƙananan asibitoci a unguwa. Masu zuwa madatsa kuma, kada wanda bai iya iyo ba ya miƙe tsaye a kwalekwale yana leƙa kifi, kada ka ɗaure igiyar koma a wuyan hannunka, kuma ka guji daɗewa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa, don a nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. In ka ga jini a fitsari bayan haka, akwai magani, je ka karɓa.

Aron koma shi ne abin da na sani zai yi muku wuyar bari, saboda zumunci. Abokinka na Kundila zai aiko ƙaninsa, "Wai in ji Yaya a ba shi koma, yanzu zai dawo da ita." Ba za ka iya hanawa ba, ni ma ba na hanawa. Amma ka sani cuta tana tafiya daga tanki zuwa tanki a jikin jiƙaƙƙiyar raga fiye da ta kowace hanya da ka zata. Ni abin da nake yi, ina da guda ta aro daban, na ɗaura mata jan ƙyalle a ƙota, ba ta shiga ruwana. In ba ka da halin biyu, duk lokacin da ta dawo jiƙa ta a ruwan gishiri mai kauri, ɗauraye, ka bari ta bushe ƙarau kafin ta taɓa kifinka. Ko a cikin gidanka, tankin da ka ga alamar ciwo a ciki shi za ka taɓa a ƙarshe.

Bayan kowane aiki wanke yauƙin tas, don ƙarninsa ke kiran ɓera, kuma ɓera dare ɗaya ya ishe shi ya buɗe maka taga a gindin jaka. Ta sha iska ta bushe, sannan ka rataye ta a inuwa, bakin a sama. Ranar Kano tana cin zaren nailan, wanda aka bari a kan katanga daga kaka zuwa bazara da yatsa ma sai ka tsinka shi. Daren da za ka kwashe kifi da safe, sauko da ita ka zuba mata bulo ɗaya ko jarkar ruwa mai lita 10, ka ɗaga ta yadda na faɗa, ka bi ɗinkin baki da yatsa ido bayan ido. In akwai inda zai ɓalle, gara ya ɓalle a daren, kana da allura da zare a kusa, mai saye kuma bai iso ƙofar gida da bahonsa ba.